Filin Tambayoyin Masu Karatu: Shin da Gaske Ne Ƙarya Ba Ta 'Ya'ya?

Wasiƙun da suka iso wannan fili a 'yan makonnin nan sun karkata ga abu guda, wato itatuwa da furannin da ake dasawa domin ƙawata gida, musamman sunayensu, waɗanda masu karatu da dama suka ce suna jin su a bakin masu sayar da fulawa a gefen titi ba tare da sun san daga inda suka samo asali ba. Na zaɓi bakwai daga ciki, na kuma taƙaita tambayoyin saboda ƙarancin fili, ina neman afuwar waɗanda ba su ga tasu ba a wannan fitowa.

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sayi wani ɗan itace mai kumburarren gindi da furanni ja-ja, mai fulawar ya ce sunansa "dezat roz", kuma wai daga ƙasar waje aka kawo shi. Da na kai shi gida sai kakata ta ce ai wannan ƙarya ce, tun tana yarinya akwai ta a ƙofar gidansu. Wane ne mai gaskiya, kuma me ya sa za a raɗa wa itace suna ƙarya? Daga wata ɗaliba a Katsina.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Kakarki ta yi gaskiya, kuma ina fata za ki zauna kusa da ita ki tambaye ta sauran sunayen da ta sani, domin irin wannan ilimi a bakin tsofaffi ya rage. Itacen da kika saya ɗan ƙasa ne, yana fitowa da kansa a busassun wurare da cikin duwatsu tun daga Senegal, ya ratsa ƙasar Hausa da Chadi da Sudan, har ya tsallaka Bahar Maliya zuwa Yaman. Hausawa sun daɗe suna dasa shi a cikin gari, kuma likitan nan ɗan Sikotlan, John Dalziel, wanda ya yi aiki a Arewa ya tattara sunayen tsirrai na Hausa ya buga su a 1916, ya rubuta shi da wannan suna tare da dalilin da ya ji a bakin mutane, cewa itace ne mai yawan fure wanda da wuya a ga ya yi 'ya'ya. Kin ga ke nan sunan da karin maganar da kowa ya sani, ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, tafiyarsu ɗaya. Wanda ya fara raɗa sunan ya daɗe yana lura da itacen, ya ga yadda yake rufewa da fure a tsakiyar rani, lokacin da ko ganye babu a jikinsa, sa'an nan furen ya zube ba a ga abin da ya biyo baya ba.

Duk da haka, ƙarya tana 'ya'ya. Na taɓa ganinsu da idona a jikin wata tsohuwar ƙarya da ke bakin rijiya a gidan da na tashi: kwafsa biyu dogaye, haɗe a gindi, kowace ta nufi nata gefe kamar ƙahonnin bijimi. Da suka bushe sai suka tsage, 'ya'yan suka fito sirara kamar guntayen tsinken ashana, kowane da tuntun gashi mai laushi a kai da ƙarshe, kafin azahar iska ta kwashe su duka ta tsallaka katanga da su. Abin da ya sa ba a cika ganin haka ba shi ne ginin furen, domin sashen da ke karɓar ƙurar fure a ɓoye yake can cikin maƙogwaronsa, sai ƙwaro mai dogon baki ne yake iya kaiwa gare shi, kuma galibi sai ƙurar ta fito daga wata ƙarya dabam sa'an nan take kamawa. A cikin gari kuwa reshe ake yankowa daga gidan maƙwabci a kafa, saboda haka sai ki tarar duk ƙaryar da ke unguwa asalinta itace ɗaya ne.

Sunanta a wurin masana shi ne Adenium obesum. Kalmar farko ana danganta ta da Adan ta ƙasar Yaman, ta biyu kuwa a harshen Latin tana nufin mai ƙiba, saboda gindin nan da take tara ruwa a cikinsa. Wanda ya fara siffanta ta a rubuce shi ne Peter Forsskål, almajirin masanin tsirrai ɗan Suwidin Carl Linnaeus, ɗaya daga cikin mutum shida da Sarkin Danmak ya tura yankin Larabawa a 1761. Zazzaɓi ya kashe shi a garin Yarim na Yaman a 1763, kuma a cikin su shidan mutum ɗaya tak ya koma gida da rai, Carsten Niebuhr, wanda ya riƙe amanar takardun abokinsa har ya buga su a 1775. Sunan Adenium kansa a 1819 aka kafa shi.

Shi ma mai fulawar yana da tasa hujja. Manoman furanni a Tailan da Taiwan sun ɗauki wannan itace suka fitar da launuka iri-iri da furanni masu hawa-hawa, suna yi musu aure a kan gindin na gargajiya kamar yadda muke yi wa mangwaro, kuma waɗannan ne ake shigo da su. Ki duba jikin reshen, idan kika ga tabon haɗi kamar zobe, mai aure ce. Ko wace iri ce dai, ki sa ta a tukunya mai huda a ƙasa, cikin rairayi da aka gauraya da ɗan ruɓaɓɓen taki, ki ajiye ta a rana, kuma idan ta zubar da ganye a hunturu ki rage mata ruwa ƙwarai, domin ruwa ne ajalinta, ba ƙishi ba. Farin ruwan da ke fita daga jikinta dafi ne, wanda mafarauta a sassan Afirka suke shafa wa kibiya, sai ki wanke hannu duk lokacin da kika yanke ta.

Tambaya: Salamu alaikum. Shekara uku ke nan da na dasa itacen nan mai hawa katanga da muke kira bugambiliye a nan wajenmu. Ina ba shi ruwa safe da yamma, ina zuba masa kashin kaji, amma ganye kawai yake yi, alhali na maƙwabcina da babu mai kula da shi ya rufe katanga da fure. Mene ne matsalar, kuma sunan na wane harshe ne? Daga wani magidanci a Maraɗi.

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Gata ne ya yi wa itacenka yawa. Boganbiliya, kamar yadda ake faɗi a ɓangaren Nijeriya, idan ta sami ruwa kullum da taki mai ƙarfi irin kashin kaji ko yuriya, sai ta zuba ƙarfinta duka a ganye da miƙa rassa, ba ta waiwayar fure sai ta ji ƙishi. Ka dakatar da takin, ka bar ƙasa ta bushe har ka ga ganyen ya fara sunkuyar da kai da rana, sa'an nan ka ba ta ruwa sosai sau ɗaya ka sake ƙyale ta. Ka duba kuma ko inuwar ɗaki ko ta wata bishiya tana tare ta, domin tana bukatar rana tsantsa ta aƙalla awa 6 a yini. Furenta a sababbin rassa yake fitowa, saboda haka idan damina ta ja baya ka rage dogayen rassan da suka yi tsiri, ka sa safar hannu mai kauri saboda ƙayarta, kuma kada ka yi noma kusa da gindinta domin saiwoyinta ba su jure taɓi. In Allah ya yarda, a cikin hunturu za ka ga bambanci.

Wani abin da zai ba ka sha'awa shi ne, abin da muke kira furenta ba fure ba ne. Ka tsinko ɗaya ka ɗaga shi ga hasken rana, za ka ga jijiyoyi a jikinsa irin na ganye, domin ganye ne guda uku masu launi, shara-shara kamar takarda, waɗanda suka kewaye ainihin furannin, su kuma ƙanana ne farare masu kama da bututu. Shi ya sa launin yake daɗewa makonni bayan ainihin furen ya bushe.

Sunan kuwa na mutum ne, Louis-Antoine de Bougainville, hafsan jiragen ruwa na Faransa wanda ya jagoranci tafiyar kewaya duniya daga 1766 zuwa 1769 da jirage biyu. Masanin tsirrai na tafiyar, Philibert Commerson, shi ya sa wa itacen sunan shugabansa bayan an same shi a kusa da Riyo di Janeru ta Barazil a 1767, kuma an buga sunan a 1789. Amma akwai wadda tarihi ya daɗe yana tsallake ta. Commerson ba shi da lafiya, yana fama da gyambo a ƙafa, kuma mai taimaka masa, wanda ake gani da shigar maza yana ɗaukar kaya yana hawa tsaunuka yana tsinko tsirrai, mace ce mai suna Jeanne Baret, wadda ta ɓad da kama saboda dokar sojan ruwan Faransa ta hana mata shiga jirgi. Marubuta da yawa suna ganin ita ce ta fi yiwuwa ta tsinko reshen farko. Asirinta ya tonu a tekun Fasifik a 1768, daga baya ita da Commerson suka sauka a tsibirin Morishiyas, inda shi ya mutu a 1773, ita kuma ta koma Faransa bayan 'yan shekaru, ta zama mace ta farko da aka sani ta kewaya duniya. Gwamnati ta yanka mata fansho a 1785, amma sai a 2012 aka sami tsiron da ya tabbata da sunanta, wani ɗan dangin gauta daga Kudancin Amurka. A ganina duk wanda ya ga katanga ta rufe da wannan launi ya kamata ya tuna da ita kafin ya tuna da hafsan.

Tambaya: Malam, ina koyar da kimiyya a ƙaramar sakandare, kuma ɗalibaina kan tambaye ni dalilin da ya sa sunayen tsirrai na kimiyya suke da wuyar faɗi haka, da ko sunayenmu na Hausa ba su isa ba ne. Yaya zan ba su amsa? Daga wani malamin makaranta a Zariya.

Amsa: Malam, Allah ya saka da alheri a kan wannan aiki. Ka fara musu da itacen da ke tsakar makarantarku, wanda wani gari zai ce darbejiya, wani dogon yaro, wani maina, wani bedi, duk a cikin Hausa ɗaya. Idan haka ta faru a harshe guda, ina ga harsunan duniya? Wannan ne ya sa masanin nan ɗan Suwidin, Carl Linnaeus, ya daidaita tsarin kalma biyu a littafinsa na 1753, ta farko sunan gidan da tsiron ya fito, ta biyu kuma tasa ta kansa, ya yi amfani da Latin domin shi ne harshen malaman Turai na wancan zamani.

Idan aka warware su, sunayen ba su da tsoro. Lallen da ke dangar gidajenmu, mai ƙananan furanni masu ƙanshi da dare, sunansa Lawsonia inermis, saboda Isaac Lawson, wani likita ɗan Sikotlan da ya taimaka da kuɗi wajen buga wani littafin Linnaeus a 1735, kalma ta biyu kuma tana nufin marar makami, wato marar ƙaya, ko da yake duk matar da ta taɓa zagar tsohon lalle ta san ƙarshen rassansa kan yi tsini. Farin furen nan mai ƙanshi da ake kira gadeniya sunan Alexander Garden ya ɗauka, likita mazaunin Charleston ta Amurka, kuma gidansu ɗaya da gauɗen da ke dajinmu. Ɗorawa, wato Parkia a kimiyya, tana ɗauke da sunan Mungo Park, wanda ya halaka a kogin Kwara kusa da Busa a 1806, kuka kuma, wato Adansonia, da na Michel Adanson, Bafaranshen da ya isa Senegal a 1749.

Wanda ya farfaɗo da wannan al'ada ta girmama mutane da sunan tsiro shi ne Charles Plumier, wani limamin Kirista Bafaranshe da ya yi tafiye-tafiye zuwa tsibiran Karebiyan, ya mutu a 1704. Shi ya raɗa Begonia da Fuchsia da Magnolia, duk sunayen mutane, shi ma aka saka masa da Plumeria, itacen nan mai rassa masu kauri kamar yatsu da farin fure mai rawaya a tsakiya, wanda masu fulawa suke kira firanjifani. Wannan suna na biyu na wani babban gida ne a Italiya da ake danganta wa wani turaren safar hannu, sai aka ga ƙanshin furen ya yi kama da shi. Furen yana ƙara ƙanshi da dare domin ya jawo ƙwarin dare masu dogon baki, amma babu ɗigon ruwan zaƙi a cikinsa, sai su yi ta yawo daga fure zuwa fure suna kai masa ƙura ba tare da sun sami lada ba.

Abin da nake so ɗalibanka su gane shi ne, sunayen biyu aikinsu dabam. Na Latin yana gaya maka dangin tsiro, kuma sanin dangi yakan nuna maka yadda za ka kula da shi da abin da za ka kiyaya. Na Hausa kuwa galibi yana gaya maka abin da ido ya gani, kamar shukar nan zabuwa, wadda ake kira haka saboda ɗige-ɗigen da ke ganyenta. Yana damuna cewa sunayen Latin sun cika da Turawa matafiya, babu manoma da mafarauta da masu magani da suka riƙe hannunsu suka nuna musu itatuwan, kuma wannan ma dalili ne na sa yara su rubuta sunayen Hausa a gefen na kimiyya a littattafansu.

Tambaya: Ɗana ya kawo mini albasar furen tulif daga Turkiyya, na shuka, ganye ya leƙo ya bushe. Ya ce a can lale suke kiransa. Shin ɗan'uwan lalle ne? Daga wata uwargida a Kano.

Amsa: Hajiya, kamannin sauti ne kawai, tsirran biyu ba su haɗa dangi ba. Tulif ɗan tsaunukan tsakiyar Asiya ne, kuma albasarsa ba ta shirya fure sai ta yi makonni 12 zuwa 16 a cikin sanyin da ke ƙasa da digiri 9 a ma'aunin Salshiyos, abin da hunturunmu ba ya bayarwa, saboda haka ba sakacinki ba ne. Turkawa da Farisawa lale suke cewa, kuma idan aka rubuta kalmar da baƙaƙen Larabci haruffanta daidai suke da na sunan Allah, wanda hakan yana cikin dalilan da suka sa zanensa ya cika bangon masallatan Daular Usmaniyya. Sunan tulif kuwa daga kalmar Turkanci ta ƙyallen rawani ya fito, ta hanyar Turawan da suka je Istanbul a zamanin Sarki Sulaiman na Daular Usmaniyya, ko dai domin furen ya yi kama da naɗin rawani ko kuma domin ana soka shi a rawani. Masanin tsirrai Carolus Clusius ya kai shi lambun jami'ar Leiden ta Holan a 1593, sha'awar furen ta kama mutanen ƙasar har farashin albasa ɗaya ya riƙa kamo kuɗin gida, kafin kasuwar ta rushe a watan Fabrairu na 1637. Idan fure mai fitowa daga albasa kike so, ki karanta amsa ta ƙarshe a wannan fili.

Tambaya: Furen nan ja babba da ake kira haibiskos yana kama da furen kuɓewa. Ko suna da dangantaka, kuma za a iya yin zoɓo da shi? Daga wata mai karatu a Kumasi.

Amsa: Malama, idonki ya gani daidai. Ki duba tsakiyar furen, za ki ga wani dogon sanda ya fito ɗauke da ƙurar fure a jikinsa, kuma haka yake a kuɓewa da auduga da rama da yakuwa, domin duk gida ɗaya ne, yakuwa da rama ma sunan Hibiscus ɗin suke amsawa a kimiyya. Kalmar tsohuwar Girkanci ce ta wani tsiron fadama mai yauƙi. Na lambun cikakken sunansa Hibiscus rosa-sinensis, wato wardin Sin, ko da yake ba wardi ba ne, kuma shi Malesiya ta ɗauka furen ƙasa a 1960. Kowane fure yini ɗaya yake yi ya yanƙwane, wani ya maye gurbinsa washegari. Zoɓo kuwa ba daga fatun fure ake yinsa ba, daga jan ƙoƙon nan mai tsoka ne da yake kumbura a jikin yakuwa bayan furen ya faɗi, na lambun kuma ba ya yin irinsa, balle a sami tsamin. Ban da haka, waɗanda ake sayarwa galibi an yi musu feshin maganin ƙwari, saboda haka ki bar shi ga ado. Idan kika ga wasu fararen ƙwari kamar auduga sun manne a tohonsa, ki wanke su da ruwan sabulu da yamma.

Tambaya: Assalamu alaikum. Muna da yara ƙanana da awaki a gida, kuma ina so in yi lambu a tsakar gida. Waɗanne furanni ne ya kamata in guje wa? Daga wata matar aure a Gusau.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Wannan ita ce tambayar da na fi so kowa ya yi kafin ya sayi fure. Na farko a guje wa shi ne oliyanda, mai dogayen ganye sirara masu kauri da furanni ruwan hoda ko farare, wanda ake jerawa a tsakiyar tituna saboda jure fari. Ganyensa da furensa da itacensa, ɗanye ko busasshe, duk suna da dafin da ke taɓa bugun zuciya, bai kamata a yi asuwaki ko tsinken tsire ko makamashin girki da shi ba. Ɗan'uwansa mai rawayan fure kamar ƙararrawa, Thevetia, wanda ya ɗauki sunan André Thevet, Bafaranshen da ya je Barazil a 1555, ya fi haɗari ga yara domin ƙwallonsa yana kama da abin wasa. Su biyun da ƙarya da alamanda, wani itacen ado mai manyan furanni rawaya, gida ɗaya ne.

Gida na biyu shi ne na aguwa da tinya da ƙerana, wanda masana suke kira Euphorbia, kuma sunan daga nahiyarmu ya taso: Sarki Juba na Biyu, wanda ya mulki yankin da yake Maroko da Aljeriya a yau kimanin shekaru 2,000 da suka wuce, shi ya sa wa wani tsiro na tsaunukan ƙasarsa sunan likitansa Euphorbus. A cikinsu akwai mai ƙaya da ƙananan jajayen furanni, ɗan Madagaska, wanda ake yawan sawa a tukunya. Nononsu yana ƙona fata, a ido kuwa abin ya fi muni. Sai kuma Dieffenbachia, mai faffaɗan ganye da zanen fari da ake ajiyewa a falo, wanda aka sa wa sunan wani shugaban masu lambun fadar Biyana ta ƙasar Ostiriya. Kin san ƙaiƙayin ɗanyen gwaza a maƙogwaro; to irinsa ne ninki-ba-ninki, har harshe ya kumbura magana ta gagara. Awaki kuma a nisanta su da lantana, domin tana lalata hantar dabba.

Idan tsautsayi ya auku, a wanke baki ko ido da ruwa mai tsabta na tsawon lokaci, kada a tilasta wa yaro amai, a garzaya asibiti tare da reshen abin da ya ci domin likita ya gane shi. Ki cika tsakar gidanki da haibiskos da ziniya da lalle da yasmin, sai dai ki yi musu shinge, domin awakin ne za su zama barazana gare su.

Tambaya: An ce furen da ke ƙasan tambarin Nijeriya furen ƙasa ne. Shin da gaske akwai shi, kuma yana da suna da Hausa? Daga wani matashi a Bauci.

Amsa: Akwai shi, ɗana, kuma mai yiwuwa ka sha taka shi a daji ba ka sani ba. Masana suna kiransa Costus spectabilis, kalma ta biyu tana nufin abin kallo, Hausawa kuma suka ce takalmin zomo. Ba shi da kara. Da saukar ruwan farko sai ya fitar da ganye huɗu masu tsoka, kewayayyu, kwance shame-shame a ƙasa suna fuskantar kusurwa huɗu, daga tsakiyarsu kuma fure mai launin rawaya ya buɗe kamar bakin kakaki, ya yi yininsa ya rufe. A tambarin, ƙarƙashin ƙafafun dawakan nan biyu, ja aka zana shi, amma a daji rawaya ne. Dangin citta ne na nesa, yana son inuwar bishiya da gefen duwatsu, kuma idan rani ya shigo sai ya ɓace ɗungum, saiwarsa ta kwanta a ƙasa tana jiran wata damina.

Abin da ke ci mini rai shi ne, za ka zagaye masu fulawa na gari guda ka sami itatuwan Barazil da Meziko da Madagaska a jere, amma da wuya ka ga mai sayar da wannan, alhali dajinmu cike yake da irinsa. Akwai gatarin kurege, mai hawa da ƙugiyar da ke ƙarshen ganyensa, wanda fatun furensa suke murɗewa su koma baya, ja da rawaya kamar harshen wuta. Linnaeus da ya gan shi sai ya kira shi Gloriosa superba, mai ɗaukaka mai alfarma, Zimbabuwe ta ɗauke shi furen ƙasa, Bahaushe kuwa ƙasa ya tona ya ga saiwar a lanƙwashe kamar ƙotar ɗan gatari ya raɗa masa suna. Saiwar tana da dafi mai kisa, kuma an sha kuskuren ɗaukarta a matsayin doya, saboda haka ba na gidan yara ba ne. Akwai albasar kwaɗi ta bakin fadama, mai manyan fararen furanni da jan zane a tsakiyar kowane fata, wadda ita nake shawartar Hajiyar Kano ta gwada a madadin tulif, sai dai ita ma kada a ajiye albasarta kusa da ta miya. Akwai kuma moda, mai miƙaƙƙun ganye kamar takubba da ake fitar da zare daga cikinsu, wadda 'yar'uwarta ta yankinmu na Afirka ta Yamma take cikin tsirran da aka fi ajiyewa a ofisoshi da ɗakuna a duniya, da sunan Sansevieria, daga laƙabin wani basaraken San Severo na Italiya.

Idan kana son takalmin zomo a gida, ka je daji a farkon damina ka sa alama a inda ya fito da yawa, ka koma a lokacin kaka bayan ganyen ya bushe, ka haƙo saiwa ɗaya ko biyu ka bar sauran a mazauninsu. Ka binne su kamar zurfin yatsa a faffaɗan kasko mai huda, cikin ƙasar gindin bishiya mai ruɓaɓɓen ganye, ka ajiye a inuwa, kada ka ba su ruwa duk tsawon rani. Sai ka fara yayyafa musu idan ka ga hadarin farko ya haɗu a gabas.